Wa Zai Buɗe Taga?

Lokacin da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, na shiga ajin Larabci na jami'a a Sabha, safe da yamma, an hana mu Hausa sam. Mu kuwa da karatun allo muka tashi: malam ya faɗa, a maimaita. Rannan zafi ya ishi malaminmu, ya ce da Larabci, "Wa zai buɗe taga?" Muka ɗauka gaba ɗaya, har da rangaji: "Wa zai buɗe taga?" Ya dube mu, ya je ya buɗe da kansa.

Da aka fara mana Farisanci, sabon malami ya yi wannan tambayar da Farisanci yana sharce gumi. Ban maimaita ba. Na tashi na buɗe.