Miyar Lami a Tabarmar Ƙofar Gida

Abubuwa da yawa sun shige mini, wasu ko an tuna mini sai in ce ban san an yi ba. Amma shekarar da likita ya hana Babanmu gishiri tana nan daram a raina, da ita za a binne ni.

Muna zaune a unguwar Albarika a Paraku, zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa ya zama kamarad, har mai sayar da gawayi. Ina kolej a lokacin, yau muna aji, gobe muna noman masara a gonar lakwal, wato makarantarmu. Ba ni da haƙuri, kuma abin da na gani shi nake faɗa. Baba ne ya ɓata ni. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake kirana, ko tsawa ba ya iya yi mini.

Baba dillalin kaya ne a gar, inda jirgin ƙasa ke sauke kaya, kamiyoyi, manyan motocin kaya, su kwasa zuwa Nijar. Wata rana jiri ya kayar da shi a can. Da ni aka je asibiti, don na fi kowa jin Faransanci a gidan. Likita ya danna ƙafar Baba da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ya ce tansiyo ce, hawan jini. Ya yi mini bayani cewa gishiri yana riƙe ruwa a jiki, jijiyoyi su cika, zuciya ta yi ta wahalar tura jini. In ba a bari ba, wata rana ɓarin jiki ya mutu, ko mutumin gaba ɗaya. Kuma ba gishirin cokali kaɗai ba. Har kanwa, da dunƙulen miya, da kifin nan da ake busarwa da gishiri.

Innarmu kuwa tana Jugu, yayata ta haihu ta tafi yi mata wankan jego. Tukunya ta dawo hannuna. Na kwashe gishiri da kanwa na kulle a akwatina. Miya kuwa ba na ɓata lokaci a kanta: ruwa ya tafasa, in watsa tumatir da kuɓewa, in sauke. A ganina magani nake dafawa, magani kuma ba a tambayar daɗinsa.

Ga inda gizo yake saƙa. Tun kafin a haife ni Baba ba ya cin abincin yamma a cikin gida. Ana idar da magariba za a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu, maƙwabta su fito, kowa da kwanon gidansa, a jera a tsakiya a ci tare. Ciyayya ke nan. Akwai Liman, akwai wani direba mutumin Gaya, akwai Baba Tela, aminin Baba, ɗan siriri mai surutu wanda ke kirana "Kamarad Likita". Kullum kwanon Baba ya fita cike ya dawo a siɗe tas. Ni kuma in yi ta hura hanci, ina cewa ashe girki ba wuya.

Da muka koma awo, nas ta cire abin aunawa daga hannun Baba ta girgiza kai. Tansiyo ba ta sauka ba, ƙafa ma ta ƙara kumbura. Ta dube ni ta ce ko dai ina sa gishiri a ɓoye. Har hawaye na yi don haushi. Baba kuwa yana ta kallon silin kamar ba da shi ake ba.

Ran nan da yamma na laɓe a zaure ina leƙe. Na ga an jera kwanoni. Baba ya miƙa hannu ya jawo sakwarar gidan Baba Tela, da miyar kuɓewa mai yauƙin kanwa, ga busasshen kifi yana leƙowa. Baba Tela kuma ya jawo kwanona gabansa, ya zaro wani ɗan ƙulli daga aljihu, ya barbaɗa gishiri, ya runtse ido ya fara ci.

Direba ya ce, "Tela, kai dai ka sha lada. Wannan miya ko ruwan wanke hannu ya fi ta ɗanɗano."

Baba Tela ya ce, "Yi shiru kar ta ji. In kwanon ya koma da saura, yarinyar nan ba za ta yi barci ba."

Ban san lokacin da na fito ba. Mace ba ta zuwa tabarmar nan, balle yarinya, amma sai ga ni tsaye a kansu.

Na ce, "Baba Tela, wallahi ku ne za ku kashe shi. Likita ya ce gishiri zai shanye masa jiki, ku kuna tura masa kanwa. In ya faɗi, ku za ku riƙa juya shi a shimfiɗa?"

Liman ya ajiye lomar da ya ɗauka. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Uwata, koma ciki."

Har yau ban yi nadamar maganar ba, in aka sake zan sake faɗa. Abin da ban hango ba shi ne abin da ya biyo baya. Washegari Baba bai fita ba. Ya ce in kai masa abinci ɗaki. Ya yi loma kaɗan ya ture kwanon. Haka jibi, haka gata. Muna jin muryoyinsu a waje, shi yana zaune ya jingina da bango, rediyo a kashe. Mutumin da dariyarsa ke kai wa ƙarshen layi ya koma sai "to" da "a'a".

Na ce, "Baba, ka ci mana. Ai lafiyarka nake nema."

Ya ce, "Na sani, Uwata. Amma ba zan zauna cikin mutane in rungume kwanona ni kaɗai kamar marowaci ba. Ba zan kuma kalli abincin gidan aminina in ce ba na ci ba. Gara in zauna nan."

Sai na ga na raba shi da gishiri, na kuma raba shi da mutanensa, kuma ban san wanne zai fi saurin kai shi ƙasa ba. Na shiga madafa na zauna a kan turmi, na rasa abin yi.

Ana cikin haka, wata la'asar, sai ga sallama. Matar Baba Tela ce, wadda muke kira Gwaggo, da matar Liman, da matar direba, kowace da ɗan ƙullinta. Gwaggo ta ɗaure zane ta ce, "Ke mai bakin reza, tashi. Tsohon nan nawa ya hana ni sakat, ya ce tun da Babanki ya daina fitowa tuwo ba ya wuce masa. Faɗa mana abin da likita ya hana."

Na lissafa musu. Da na zo kan kanwa matar direba ta dafe ƙirji. "Kanwa ma? To wake fa, da me zai nuna?" Na ce a jiƙa shi tun safe, zai nuna. Na ce kifin nan ma gishiri ne zalla, a nemi ɗanye ko mai banda. Ashe ba wadda ta san kanwa 'yar'uwar gishiri ce.

Sai Gwaggo ta buɗe tukunyata, ta sa ludayi ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska. "Likitan cewa ya yi a hana shi gishiri, ko cewa ya yi a hukunta shi?"

A ranar na koyi girki. Ta soya albasa a ɗan mai kaɗan, a wuta marar ƙarfi, har ta yi ja ta fara zaƙi. Ina cewa ta isa, tana buge mini hannu. Ta daka citta da tafarnuwa da masoro. Ta ɗan gasa daddawar da Inna ta aiko daga Jugu, wadda ba a sa mata gishiri ba, har ƙamshi ya cika gidan. Ta bar tumatir ya ƙone ruwansa kafin ta tsaida ruwan miya. Kuɓewa kuwa goga ta aka yi, aka kaɗa da maburgi, ta yi yauƙi ba kanwa. Da aka sauke ta matsa lemon tsami. Na ɗanɗana. Ba zan yi ƙarya ba, harshe ya san babu gishiri, amma miya ce ta gaske.

Bayan magariba muka ji muryar Baba Tela daga zaure. "Maigida! Kai dillalin banza, fito, tuwo yana hucewa!"

Baba ya ce ba ya jin daɗi. Baba Tela ya ce to za su kwaso tabarmar su shigo har ɗaka, Liman a gaba. Dole ya fita. Ni kuma na koma maɓoyata a zaure.

Aka buɗe kwanoni. Baba ya ɗebi sakwarar gidan Tela, ya kai baki, ya tsaya. Ya ɗanɗana ta gidan Liman. Ya ɗanɗana ta gidan direba. Duk lami. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, sai ya sa hannun riga ya goge ido.

Direba ya ce, "Yaji ne, ko? Na gaya mata ta rage."

Baba Tela ya ɗaga murya, "Kamarad Likita, na san kina nan a laɓe, zo." Na fito. Ya zaro ƙullin gishirin nan ya sa mini a tafin hannu. "Ungo, haɗa da wanda kika kulle. Amma don Allah gobe ki bar albasar ta nuna."

Da Inna ta dawo daga Jugu ta tarar gidaje huɗu suna girkin yamma ba gishiri, duk wanda ke so a cikin gida ya barbaɗa a kwanonsa. Ƙafar Baba ta saɓe, tansiyo ta sauka, ya koma gar. Ya yi shekaru masu yawa bayan nan, har ya ga 'ya'yana. Baba Tela kuwa har ya rasu yana ƙorafin na raba shi da daɗin duniya, amma bai sake zuwa tabarmar nan da ƙulli ba.

Ƙullin nan ya daɗe a akwatina. Abin da ya koya mini shi ne, abincin marar lafiya ba a tukunya ɗaya ake dafa shi ba. Yanzu in aka ce mini an hana wani gishiri ko sukari, ba na fara tambayar me aka dafa masa. Cewa nake yi, da wa yake ci?