Shekarar da Citta Ta Ruɓe a Gonar Baba

Daga Trikania

Gari bai gama wayewa ba na fito, matata Saratu ta rako ni bakin titi tana yi mini addu'a. Tun da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri, ba abin da ban taɓa ba: gadi, lodin bulo, tuƙin keken wani. Yanzu gwiwa ta fara ƙi. Shi ne muka yanke shawara in je gida in roƙi yayana Bulus ya yanka mini gefen gonar Baba, mu kwashe yara mu koma noman citta. Kaduna ta ishe mu.

A Sabon Tasha na shiga bas mai zuwa Kachia, muka yi ta jiran cika har rana ta fito.

Hanyar Kachia

Mun wuce Kujama da Kasuwan Magani ana hira, ana tsayawa a shingen sojoji. Da muka bar Kufana sai motar ta yi tsit, kowa idonsa na kan daji don tsoron 'yan bindiga. Wata dattijuwa a gefena ta miƙo mini dafaffiyar gyaɗa, ta tambayi inda na nufa. Na gaya mata har da zancen citta.

"Ɗana, yaushe rabonka da gida?"

"An kwana biyu, Mama."

Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya sa ka tarar da alheri."

Da can tun daga bakin gari ƙamshin busasshiyar citta ke tarbar mutum a Kachia. Ran nan ban ji komai ba. Na hau mashin, muka bi jar hanya, mai mashin na kauce wa ramuka, har la'asar.

Gida

Yaya Bulus ya rame. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Ayuba, Allah ne ya kawo ka," in ji shi. Matarsa ta kawo tuwon acca da miyar karkashi, babu ko ƙashi a ciki. Na bar maganata sai da safe.

Da safe shi ya ja ni gona. Ganyen cittar duk ya yi ja ya kwanta. Ya sa hannu ya tono ɗaya, ta narke a tafinsa, wari ya buge ni. Ya matsa gaba ya tono wata, haka. Ya sake tono wata, sai da na riƙe shi.

"Duk ƙauyen nan haka ne," ya ce. "Mun fesa magani, mun yi azumi a coci. Ko irin baɗi ba wanda ya tsira da shi." Ya goge hannunsa a wando. "Ƙanena, kai ka san mutane a birni. Ka nema mini gadi a Barnawa. Ko shara ce zan yi."

Na kalli furfurarsa. Na fasa roƙon da ya kawo ni.

"Zan duba, Yaya."

"Na san ba za ka bar ni ba."

Komawa

Ban iya ƙara kwana ba. Mashin zuwa Kachia, bas zuwa Sabon Tasha, ban san sanda muka wuce shingayen ba. Da yamma na shiga gida na tarar Saratu ta riga ta ɗaure tukwane a buhu, ta gaya wa maƙwabta muna dab da tashi.

"Yaya ya ba mu gefen gonar ta wajen rafi?" ta tambaya tana murmushi.

Na zauna a bakin gado na cire takalmi. "Kwance kayan nan, Saratu. Yaya na zuwa bayan Kirsimeti. A nema masa wurin shimfiɗa."

Ta durƙusa ta fara warware igiyar.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da raina, don a hanyar nan ba kowa ke samun haka ba. Iyakar abin da na dawo da shi ke nan.