Audugar Kunnen Kawu Sule

Abin da na fara gani ranar da aka sauke ni a tashar Birnin Kudu daga Gwaram, zan shiga sakandare, shi ne auduga. Fara tas, cushe a kunnuwan Kawu Sule duka biyu, tana leƙowa kamar gemun bunsuru. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɗauki akwatina ya yi gaba. Ni kuwa da ma sauro ya fi ni murya, sai na bi shi shiru.

A gida na tambayi matarsa, Inna Rabi, ko kunnen ne ke ciwo.

"Ciwo? Lafiyarsa ta fi taki! Tanadi yake yi. Wai kunne kamar sabulu ne, ƙarewa yake, ba zai ƙarar da nasa a kan ƙarar babura da kiɗan kwamfuta ba."

"To ke fa, Inna, in za ki yi masa magana?"

"Ai ni ma cikin baburan nake."

Ku da kuka saurari shirinsa na yammacin Laraba a ƙaramin gidan rediyon garin nan kun san aƙidarsa. Kiɗa sai a fili, makaɗi yana gabanka yana zufa. Ya kan ce, "Waƙar da babu tarin ɗan Adam a cikinta, inji ne ya haife ta." Don haka duk inda aka kafa kalangu ko kukuma, daga Kiyako har Yalwan Damai, sai ka gan shi da 'yar rikodarsa mai ɗaurin kyauro. Abin da ya naɗo shi yake sa mana, da kukan awaki da tallan gyaɗa da komai. Wannan tarin hayaniyar shi ne babban gadon da ya bar wa Inna, kuma shi ne yanzu ake neman lalatawa da sunan gyara.

Masu bugo waya kam sun sha wuya. Wani saurayi ya taɓa kira yana laƙwasa murya.

"Malam Sule, a sa min waƙar zamani mai sanyi, in gaida sahibata."

"Kana son ta?"

"Wallahi kamar raina."

"To zuba mai a babur ka kai ta inda ake kiɗa, ragon banza. Ga kukuma, ka fara da ita."

Ƙorafi ya yi yawa har Manaja ya kafa doka: dole kowane shiri ya sa waƙar zamani ko da ɗaya ce. Kawu ya ce ya ji, ya bi. Ya danna waƙar, ya danna audugarsa, ya naɗe hannu ya lumshe ido. Waƙa ta ƙare, rediyo ya yi tsit. A gida Inna ta mari rediyonmu, ta cire batir ta ciza ta mayar. Maƙwabcinmu ya hau katanga yana juya eriya. Ashe Kawu yana zaune lafiya lau yana jiran azaba ta wuce. Manaja ya faɗo ɗakin yana girgiza masa kafaɗa.

"Malam Sule! Waƙa ta ƙare tun ɗazu!"

Ya zare auduga ɗaya. "Ta ƙare? Alhamdu lillahi. Akwai wanda ya ji rauni?"

Duk wannan a bakin makirfo. Gari ya ji.

Ni ban ga kunnuwan nan biyu a buɗe lokaci guda ba sai ranar da ya ɗauko ni a babur zai kai ni Gwaram hutu. Muna tsakar tafiya ya hangi wasu mutane da ganguna a rataye sun yanki hanyar gona. Ko tari bai yi ba, ya karya kan babur ya bi su. Muka tsinci kanmu a gidan bikin da ba mu san kowa ba. Wani dattijo mai raba tabarmi ya tare mu.

"Sannunku da zuwa. Dangin ango ne ko na amarya?"

"Dangin makaɗa."

Aka ba mu tabarma, har da fura. Na ga ya ciro audugar a hankali, ya naɗe ta a bakin hularsa kamar mai ajiyar turare. Da kalangu ya tashi, mutumin nan mai furfura ya koma yaro ƙarami. Sai dai a nan na gane abin da ke damun shirinsa. Rikodar da ya kamata ya miƙa wa makaɗi, a gindin haɓarsa yake riƙe ta, yana zabga ihu.

"Kai! Haka ne! Sake shi, ɗan halak! Wayyo, ya kashe ni!"

Shi ya sa a rediyo kalangu yana can nesa kamar a wani ƙauye, Kawu kuwa yana cikin ɗakinka. Aka sha ce masa, "Malam, mun ji ka, yaushe za a sa makaɗin?" Ya ce kunnuwanmu ne suka ƙare.

Dab da magariba muka isa Gwaram. Mahaifiyata tana tsaye a ƙofar gida.

"Yaya, ina ka kai min yarinya?"

"Makaranta."

A daminar da ta wuce Kawu ya kwanta 'yan kwanaki, ya tafi. Bayan sadakar bakwai Manaja ya zo gaisuwa, ya zauna daga bakin ƙofa, ya kawo abin da yake ganin albishir ne.

"Hajiya, ba za mu kashe shirin marigayi ba. Yanzu akwai na'ura. Za ta wanke kiɗan tas, ta cire awaki, ta cire tari, ta cire wannan ihun, a ji makaɗa sosai."

Bai ce ihun wa ba. Inna tana takaba, kanta a sunkuye, ta ce, "To, an gode." Amma na ga yatsunta suna murɗa gefen mayafi har zare ya fita. Matar da ta yi shekaru tana cewa ihunsa ya hana ta sakat, ita ce kowace Laraba take janye itace daga murhu, ta kara rediyo a kunne tana mita har a gama.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya jiyar da kai abin da kunne bai taɓa ji ba.

Na bi Manaja har zaure. Yana sa takalmi ya juyo.

"Na'am, 'yata? Akwai magana?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, awakin a cire su, ba komai. Amma don Allah a bar wa Inna ihun."