Neman Katakon Kawo Daga Ikara Zuwa Likoro

Ikara

Ƙarfe shida da minti goma na bar gida, bayan sallar Asuba. Gara ta cinye gindin akwatin da Baffa ke ajiye littattafan kakanmu na rubutun hannu, har ta fara taɓa gefen takardu. Baffa ya ce a yi sabo da kawo, icen da gara ba ta ci. Ni ya aika, da awon akwatin a takarda da ƙullin ƙusa a aljihu.

Maƙarfi

Ƙarfe bakwai da rabi muka iso, bayan shingen 'yan sanda ɗaya. Na karya da koko da ƙosai, na shiga wajen masu katako. Wani ya jawo jan katako, ya ce, "Ɗalibi, ga kawo tsantsa." Na karanta cewa kawo nauyi gare shi, wannan kuwa da hannu ɗaya na ɗaga shi. Na karce gefensa da makulli, ciki fari fat. Rini ne. Kunya ta hana ni faɗa, na ce zan dawo.

Kudan

Direban da ya kai ni ya ji abin da nake nema. "Sabon kawo? Sai a mafarki. Je ka Likoro, ka tambayi Malam Tanimu kafinta." Na hau acaɓa ƙarfe sha ɗaya.

Likoro

Malam Tanimu dattijo ne. Ya nuna mini tsohon ƙyauren zaure na kawo, mu biyu muka kwantar da shi da kyar. Na miƙa masa ƙusoshina. Ya buga ɗaya a gefe, ta lanƙwashe. Ta biyu ta tsaga katakon.

"Ɗana, littafinka bai gaya maka ba? Sai an huda masa tukuna."

Sau biyu ya wasa zarto kafin La'asar. Ya yanke farin gefen ya jefar, ya ce wannan gara na ci, jan cikin kaɗai take tsoro. Da ya goge, sai ya yi sheƙi ba tare da mai ba. Kwana biyu na yi a shagonsa, ina riƙe masa katako, muna cin tuwon dawa.

Gida

Ƙarfe huɗu na yamma na sauka Ikara da sabon akwatin. Baffa bai bari kowa ya taɓa littattafan ba. Shi ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya, yana hure ƙasar gara, har suka shige duka, murfi ya rufu. Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Malam Tanimu da alheri.