Gwaggo Hure da 'Yar Hanne

Duk Toranke an san Gwaggo Hure, ƙanwar babana, da abu biyu: furarta mai yaji, da kunyarta wadda ni dai nake ganin ta wuce gona da iri. Jinin Fulani ce, ko da yake shanun sun ƙare tun zamanin kakanmu, sai gonar gero da 'yan awaki. Shekara arba'in da shida ke nan da ta haifi 'yarta ta fari, Hindatu, amma bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. Ana yaye yarinyar aka miƙa wa Hanne, ƙanwar Gwaggon da ke aure a Gaya, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Tun daga ranar ta zama "'yar Hanne".

'Yar Hanne kuwa ba ta zauna ba. Ta yi firamare a Gaya, ta karanta injiniya a Kano, ta shiga kamfanin waya tana hawa dogayen ƙarafan sabis da wando da hular kwano, har dattawa suna salati. Aka ba ta riƙon Arewa gaba ɗaya. Wani kamfanin da ya fi girma ya ɗauke ta zuwa Legas, daga baya ya ɗora ta a kan kowa. Miliyoyin mutane na gaisawa da iyayensu ta layinta, ita kuwa ba ta taɓa jin muryar tata uwar a waya ba. Idan Gwaggo na son labari, sai ta kira Hanne ta ce, "Ya mutanen Legas?" Hanne ta kwashe ta kai, ta kwaso ta kawo.

Bara Allah ya yi wa Hanne rasuwa. Ranar sadakar uku Hindatu ta ja ni gefe ta ce, "Afra'u, yanzu ba ni da mai tambayar ko na ci abinci." Gwaggo na bayanmu tana tankaɗe, ta ji sarai, ba ta ɗago ba. Wallahi ranar na ji haushinta.

Da daminar bana layin kamfaninta ya ɗauke ɗif a jihohi da yawa, aka kwana huɗu bai dawo ba. Rediyo ya ce an kira shugabar kamfanin zuwa Abuja ta yi bayani, wai kujerarta na rawa. A bakin famfo mata suka samu abin yi, har da masu cewa ai dama mace ba ta riƙe babban abu. Gwaggo ta daina dama fura. Ta kafa rediyo a gindin turmi, in an ambaci sunan sai ta kau da kai kamar ba ta ji ba. Tuwo ya kwana a kwanonta sau biyu. Tsoro ya kama ni, don tana da hawan jini, kuma na san abin da ke cinta: yarinyar na can cikin wuta ita kaɗai, tana ganin babu mai tunaninta.

Rana ta biyar da hantsi, na dawo gida daga makarantar da nake koyarwa don in ɗauki alli, na tarar da ita tsaye a ƙofar ɗakina da mayafi.

"Wayarki na shiga?"

"Layin ɗaya kamfanin na shiga, Gwaggo."

"Na abokan gabarta?" Ta yi tsaki. "To, ya za a yi. Kira min mutanen Legas. Ki ce ana gaishe su."

"Ni ba Hanne ba ce, Gwaggo. Ki faɗa mata da bakinki."

Ta harare ni kamar ta mare ni. Na danna ɗaya lambar Hindatu, na sa a amsa-kuwwa, na damƙa mata, ina tsoron kada ta ajiye, kada kuma a ƙi ɗauka. Ta yi ta ringin har na fid da rai.

"Afra'u, zan shiga taro, lafiya?" Muryar Hindatu a dashe take.

Gwaggo ta riƙe wayar da hannu biyu.

"Afra'u?"

"Ba ita ba ce," in ji Gwaggo da ƙyar.

"Ayya, yi haƙuri Hajiya, ban gane muryar ba. Wa ke magana?"

Na ga maganar ta sauka a fuskar Gwaggo. Ta dafa bango, ta dube ni, na sunkuyar da kai don ba ni da abin da zan taimaka mata da shi.

"Ni ce," ta ce. "Wadda ta haife ki. Hindatu, kin ci abinci?"

Sai muka ji an rufe wata ƙofa a can, hayaniyar mutane ta ɗauke, sai sheshsheƙa.

"Ban ci ba, Inna. Don Allah ki sake kiran sunan."

Gwaggo ta juya min baya, ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta sake kira.