Ƙafar Yaya Seidu da Ƙwaryar Mma

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Seidu, kuma na gaji da tambayar da ake yi min a nan Yendi: wai da gaske korona ce ta kashe shi? Ita ce, sai dai ba ta inda muka zata ta biyo ba.

Seidu fataucin albasa yake yi. Ya saro a Bawku, ya zauna kan buhuna a bayan mota har Salaga, ya dawo yana warin kayansa yana tsokanar kowa. Da zai leƙo yau, da ya yi dariya har da riƙe ciki. Bokitin wanke hannu na ƙofar masallacinmu yanzu zoɓo ake sayarwa a ciki, kuma waɗanda suka guji gawarsa su ne ke cewa cutar ƙaryar Turawa ce.

Da zazzaɓi da tari ya dawo daga tafiyarsa ta ƙarshe. Kwana kaɗan ƙafarsa ta hagu ta kumbura, ta yi zafi, ta yi tauri. Mahaifiyarmu, wadda kowa ke kira Mma, ita ce mai tausar zangonmu, wato unguwarmu. Mai jego da mai targaɗe duk wurinta suke zuwa. Ta ɗauko ƙwaryar man kaɗanya, ta yi ta murza ƙafar ɗanta tana masa addu'a. Washegari numfashi ya gagare shi, muka kai shi asibiti.

Likitar da ta karɓe shi ta ja ni gefe. Ta ce cutar in ta yi tsanani ba a huhu kaɗai take tsayawa ba. Takan sa jini ya daskare a jijiya, doguwar tafiya a takure kuma ta ƙara masa. Gudan jinin kan ɓalle daga ƙafa ya je ya toshe hanyar huhu. Ta tambaya ko an murza ƙafar, na ce an murza. Ta ce ba mai iya rantsuwa cewa tausar ce, gudan kan tashi da kansa, amma irin wannan ƙafa ba a murza ta. An ba shi maganin tsinka jini da iskar numfashi. Wasu a ɗakin sun tashi, shi bai tashi ba.

Na haɗiye maganar. Da wane baki zan faɗa wa uwa haka? Amma duk sa'ad da na ji sallamar mai ciwo a tsakar gidanmu sai na yi ta addu'a kada a kawo mata irin waccan ƙafa. Wallahi kayan sun yi min nauyi.

Watan jiya Adisa, matar maƙwabcinmu, ta shigo tana ɗingishi bayan doguwar jinya, ƙafa ɗaya a kumbure. Na san ko na yi magana na karya zuciyar Mma, ko na yi shiru a rasa rai. Kafin na buɗe baki, Mma ta taɓa ƙwaurin da bayan hannu, ko kallon ƙwaryar ba ta yi ba.

"Wannan ba aikina ba ne," in ji ta. "Ku nemo mota, asibiti yanzu yanzu."

Da aka fita da Adisa, Mma ta juyo gare ni. "Me kake kallo? Ni na haife ka. Na ga fuskarka ran da ka fito daga wurin dokta. Bayan sadakar arba'in na je na tambaya da kaina. Na yi shiru ne don kai."

Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ashe mu biyu muke dakon kaya ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa.

Adisa ta warke, jiya na gan ta a kasuwa. Rumfar Seidu kuwa wani ya gaje ta, 'yan albasa sun daina ambatonsa. Abin da ya saura nasa shi ne hannun nan na Mma da ke dakatawa kafin ya kai ga ƙwarya. Ita ta sa ni wannan rubutu. Na ce zan sakaya sunanta, ta girgiza kai.

"Ka ce uwarsa ce ta murza. Wata uwar tana can da ƙwaryarta."