Daga Nguru Zuwa Gashua Neman Wuƙar Alhaji Sale

Nguru

Muna idar da sallar asuba muka hau keke zuwa tasha, ni da kawuna Bukar, tela ne a bakin kasuwa. Ba shi da abin so kamar ƙananan wuƙaƙen aljihu masu naɗewa, ya fi shekara ashirin yana tara su. Labari ya iso masa cewa wani ɗan kasuwa a Gashua, Alhaji Sale, zai sayar da wata mai ƙotar ƙaho wadda aka ce babu irinta a Yobe. Kawu ya sayar da ragon matarsa Inna, ya zuba wuƙaƙensa a jaka ko za a yi musanya, ni kuma aka ɗauke ni rakiya.

Mota ta cika rana na fitowa. Mu huɗu a baya, buhun busasshen kifi a bayanmu.

A hanya

Mun wuce Jajimaji kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Jami'i ya buɗe jakar Kawu, sai fuskarsa ta canza.

"Baba, duk waɗannan na mene ne?"

Kawu ko a jikinsa. Ya shiga buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana ba da tarihin kowacce, har da wadda yake yanke zare da ita. Jami'in ya ɗaga mafi ƙanƙanta, wadda ba ta kai ɗan yatsa ba, ya fashe da dariya.

"Wannan ko albasa za ta yanka?"

"Yallaɓai, wuƙar da aljihu ya san da zamanta ai ta yi girma."

Direba ya shaide shi, ya ce shi ke yi masa ɗinkin Sallah. Aka sallame mu.

Gashua

Da hantsi muka isa. Alhaji Sale, mai fara'a, kakanninsa mutanen Hadeja ne, ya sauke mu a zaurensa da burabusko da miyar kifi. Ba a ɗauke kwanuka ba gardama ta kaure. Alhaji ya ce wuƙa sai ta cika hannu, kuma mai araha ba ta da daraja. Kawu ya ce tsada ba kaifi ba ce. Abu ɗaya suka yarda da shi: daɗin wuƙa a ce maƙwabcinka ba shi da irinta.

Kawu ya baje nasa wuƙaƙen a tabarma, sannan aka fito da mai ƙotar ƙahon cikin ƙyalle. Ƙotar baƙa wuluk, bakin yana ƙyalli, in an naɗe ta sai ta ce ƙwas. Kawu ya karɓe ta da hannu biyu. Ya yi tayi, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Alhaji ya karɓe ta yana juya ta.

"Malam Bukar, ka gafarce ni. Ganin yadda ka riƙe ta, sai na ji ba zan iya rabuwa da ita ba. Amma in ka ba ni 'yar ƙaramar can mai ƙotar tagulla, mu yi musanya."

Kawu ya yi wuf ya mayar da ita aljihu.

"Ta mahaifina ce, Alhaji. Da ita yake fere mana rake."

Suka dubi juna, sai dariya ta ƙwace musu, har Alhaji yana share hawaye. Ba a yi ciniki ba. Sai la'asar muka tashi, bayan Alhaji ya sa Kawu ya auna shi, ya ce babbar riga yake so, kuma da kansa zai zo Nguru karɓa.

Komawa

A mota na tambayi Kawu ko yana baƙin ciki.

"Baƙin cikin me? Na riƙe ta, na san gidan da take kwana."

Ana kiran magariba muka shiga gida lafiya. Inna ta tare mu a ƙofa tana tambayar ina wuƙar da ta cinye mata rago. Kawu ya ce gobe zai sayo mata wani ragon. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Alhaji Sale da ya karɓe mu kamar 'yan'uwa.